Tambaya kan kalmar "abrade" a takardun kayan mota

Ɗan Ijora:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina kula da sito a wani garejin manyan motoci a Ijora, kuma ni ake miƙa wa takardun da suke zuwa da kaya in karanta wa makanikai da Hausa. Akwai kalmar da take ta fitowa, wato "abrade". A takardar tiyon birki an rubuta "replace any hose that is abraded". A gwangwanin fenti kuma an rubuta "lightly abrade the surface before painting". Can an ce a jefar da tiyo saboda abin ya same shi, nan kuma an ce mu yi abin da hannunmu. Ma'ana ɗaya ce? Mene ne bambancinta da "erode" da "corrode"? Haka kuma kwalin safar hannu yana ɗauke da "abrasion" da wasu lambobi huɗu. Masana a taimaka.

Malam Na Agege:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ma'ana ɗaya ce a wuraren biyu. "Abrade" aikatau ne da ke nufin gurje saman abu ta hanyar guga, har fuskarsa ta riƙa cinyewa kaɗan-kaɗan. Sai abubuwa uku sun haɗu: abu mai kaushi ko mai tauri, abin da ake gogawa a kansa, da motsi da ake ta maimaitawa. Asalinta Latin ne, "ab" da "radere", wato kankarewa daga jikin abu, kuma ta shiga Turanci a ƙarni na 17. Ana furta ta kamar "abired", a ba gaɓar ƙarshe nauyi.

Ba ta da wata karkata a nahawu: "abrade", "abraded", "abrading". Sunan aikin shi ne "abrasion". "Abrasive" kuma yana zama sifa, yana kuma zama sunan duk abin da ake guga da shi, kamar samfefa ko dutsen wasa wuƙa. Tana ɗaukar karɓau, kamar "the chain abraded the rope", sarƙa ta gurje igiya. Tana kuma tsayawa ba karɓau, kamar "soft rubber abrades quickly", roba mai taushi tana saurin cinyewa.

Kalmar ba ta ce aikin mai kyau ne ko marar kyau ba. Shi ya sa a tiyo ta zama lahani, a fenti ta zama umarni. In za ka karanta wa makanikai, a ta farko ka ce "tiyon da ya gurje", a ta biyu ka ce "a ɗan goge da samfefa".

Sauran biyun: "corrode" cin da sinadari yake yi ne, ba guga a ciki, kamar tsatsa a bodi ko farin garin da ruwan batir yake tarawa a kan batir. "Erode" zaizaya ce, wadda ruwa ko iska suke yi a hankali, irin yadda teku ta riƙa cinye gaɓar Bar Beach kafin a gina katangar dutse ta Eko Atlantic. Akwai kuma "chafe", wadda ta fi kusa da tamu, ana yawan faɗinta ga igiya, tiyo, ko fatar da tufa ta goge. Ita "abrade" kalma ce ta rubutu da aikin fasaha. A hira ta yau da kullum "wear" ko "scrape" za ka fi ji. In kuma aka ce mutum "abrasive" ne, ana nufin mai kaushin harshe.

Injiniya Apapa:

Malam ya gama da nahawu, Allah ya ƙara sani. Ni zan tsaya kan dalilin da ya sa bai kamata a haɗa kalmomin nan a gareji ba: kowace da maganinta. In tsatsa ce, fenti da girisi da kare ƙarfe daga iskar gishiri ta bakin ruwa su ne magani. In gurjewa ce, ko fenti nawa ka shafa ba abin da zai hana, sai ka gano abin da yake gugar ka kawar da shi.

Ɗauki tiyon birki na roba. Hawa uku ne: robar ciki mai riƙe iska, saƙar zare ko waya a tsakiya mai ɗaukar ƙarfi, da robar waje mai kariya. Matsin iskar birkin babbar mota yana kai wajen bar 8 (bar ma'aunin matsi ne). Muddin robar waje ta gurje har saƙar ta bayyana, tiyon ya gama aiki, ko da bai fara yoyo ba. Ruwa zai shiga saƙar, ta ruɓe ko ta yi tsatsa, ranar da ba a zata ba ya fashe. Naɗa masa salatif ɓoye cuta ne kawai. Kuma kada a sa sabo a tafi. A duba inda tsohon ya ci, a nemo wurin da ya yi ƙyalli a jikin shasi ko kan wani noti, nan ne yake gogawa. A ɗaure shi da kilif mai roba a ciki, a bar masa ɗan sako-sako yadda zai bi motsin sifirin, a kuma juya sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe a ga ko yana taɓa taya. Tiyoyin da ke tsakanin kai da bodin tirela su ne suka fi shan wahala, don sukan kwanta a kan farantin baya suna ja duk lokacin da aka yi kwana.

Ƙa'idar ita ce mai tauri shi yake cin mai taushi. A ma'aunin taurin duwatsu da Friedrich Mohs ya fitar a 1812, farce yana wajen 2.5, gilashin taga wajen 5.5, lu'u-lu'u 10. Yashi, wanda yawancinsa ƙwayar dutsen kwaz (quartz) ce, yana 7, ya fi gilashi da ƙarfen gama-gari tauri. Wannan ne ya sa ƙura take cinye rin da silinda in matatar iska ta huje, ya kuma sa waifa take zana gilashi in aka kunna ta a bushe lokacin hunturu. Masu wanke mota da tsumma ɗaya daga taya zuwa bodi, samfefa suke yi wa fenti ba su sani ba.

Batun "lightly abrade" kuwa, manufar a kashe sheƙin tsohon fenti ne don sabo ya sami abin kamawa. A fara wanke maiƙo tukuna, domin in aka goge kafin a wanke, samfefa za ta tura maiƙon cikin zanen, fenti ya yi ƙananan ramuka. Lambar bayan samfefa, ƙaramar lamba ita ce mai kaushi. P80 ta cire tsatsa da daidaita ciko ce, P180 ta share zanen da P80 ta bari, P320 zuwa P400 ita ake nufi da "lightly" a kan fenti mai lafiya. Tsallakewa daga 80 zuwa 400 ba ya yi, zanen zai fito bayan fenti ya bushe. Kada a goge ciko da ruwa, yana sha. Ƙarfen da aka goge ya fito fes kuma a shafa masa fentin ƙasa a ranar, don da laimar Legas kafin gari ya waye ya fara tsatsa.

Hajiya Mai Kayan Aiki:

Sannunku da ƙoƙari. Ɗana, lambobin safar hannun na ƙa'idar Turai ce mai suna EN 388. Ta farko ita ce juriyar gurjewa, ta biyu yanka, ta uku yagewa, ta huɗu hudawa. Ana goga yankin safar a kan samfefa cikin na'ura har sai ta huje. Mataki na 1 zagaye 100 ne, na 2 zagaye 500, na 3 zagaye 2,000, na 4 zagaye 8,000. Ka ga tsakanin 2 da 4 ba ninki biyu ba ne, ninki 16 ne. Masu jan sarƙa da igiyar ɗaure kwantena a saya musu mai 4 a farko, ko aƙalla 3. In ka ga X a wani gurbi, ba a yi gwajin wannan ɓangaren ba ke nan. Kuma 4 a farko ba ta nufin wuƙa ko bakin kwano ba za su yanka ta ba, wannan sai a duba lamba ta biyu da harafin da ke bin lambobin.

A takardar asibiti ma za ka ga "abrasion", ƙujewar fata ce, irin ta wanda ya faɗi a babur. A wanke da ruwa mai tsabta har yashin ya fita duka, a rufe, a kuma tambayi ma'aikacin lafiya batun allurar tetanus.

Ɗan Ijora:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Saura ɗaya: famfon rijiyar burtsatse da yashi ya cinye fankarsa, "abrade" za a ce ko "erode"? Tunda ruwa ne ya kawo yashin.

Injiniya Apapa:

Duka biyun za ka gani a takardu, har akan haɗa su a ce "abrasive erosion". Ruwan ne yake ɗauke da shi, amma yashin ne yake ci. Alamarsa bakin fankar ya yi siriri ya yi santsi, ruwa ya ragu alhali injin famfon yana juyawa daidai. In kuwa ramuka ka gani kamar an tsattsaga da allura a kusa da mashigar ruwa, wannan kumfar tururin ruwa ce take fashewa saboda famfon ba ya samun isasshen ruwa, wata matsala ce daban. Ga na yashi, a ɗaga famfon sama da gindin rijiya da 'yan mitoci, kada ya zauna daidai bututun tacewa, a sake wanke rijiyar da kwamfiresa har ruwa ya fito garau, sannan a sa sabuwar fanka.