Wa ya taɓa sa wa jitarsa fikof da hannunsa?

Ɗalibin jita, Kaduna:
Salama 'yan'uwa. Jitata ta katako ce mai tsirkiyar ƙarfe. A ɗaki muryarta ras, amma a wurin biki da ganga ta shigo sai ta ɓace, in na kara mata makirfo kuma lasifika ta yi ta kuka. Ina so in sa mata fikof da kaina, wato 'yar na'urar da ke ɗaukar sautin jita ta tura shi ta waya zuwa lasifika. Waɗanda suka taɓa yi, me kuka gani?

Tsohon makaɗi, Jos:
Ɗana, kada ka yi gaggawar huda jitarka. Fara da na maganaɗisu, wanda ake maƙalawa a bakin ramin da ke gaban jitar. Ba gam, ba huji, wayar ma sai ka bar ta ta zubo waje. Shi nake amfani da shi a coci, kuma bai cika sa lasifika kuka ba. Sautin dai yakan ɗan karkata wajen jitar lantarki. Mai tsirkiyar roba kuwa kada ya ɓata kuɗinsa, maganaɗisu ƙarfe kawai yake ji.

Mai gyaran rediyo, Kano:
Gaskiyar Baba ce, sai dai ni wayar da ke reto ba ta yi mini ba. Na sa na kamfanin Fishman, siririn da ake shimfiɗawa a ƙarƙashin farin ƙashin nan da tsirkiyoyi ke hawa. Huji biyu ne: ƙarami na wayar, da babba na kusan milimita 12 a gindin jita, inda maɓallin rataya yake, don soket. Na liƙa salatif a wurin tukuna saboda kada fenti ya ɓantare, na riƙa faɗaɗa ramin kaɗan-kaɗan.

Inda aikin yake shi ne ƙashin. Dole ka goge ƙasansa daidai kaurin fikof ɗin, in ba haka ba tsirkiyoyi su yi sama, yatsu su sha wuya. Kuma sai ya kwanta sumul. Na shimfiɗa sanfefa a kan gilashi na goga a kai. An taɓa kawo mini wata da aka goge a karkace: tsirkiya ɗaya tana ihu, ta kusa da ita da kyar ake ji. Mai ita ya ɗauka fikof ɗin ne jabu, alhali lafiyarsa ƙalau.

'Yar ƙungiyar mawaƙa, Zariya:
Yaya, in muryar katakon kake so, fikof ɗin K&K Pure Mini na fi yabawa. 'Yan faifai uku ne, ana manna su da supa gulu daga ciki, ƙarƙashin gadar, wato katakon da farin ƙashin nan ke zaune a kai. Ba ya cin batir. Hannuna siriri ne, da madubi da tocila na yi. Gwada wurin sau da yawa kafin ka sa gam, don cirewa ba sauƙi. A dandali mai ƙara sosai nakan toshe bakin jitar da murfin roba.

Makaɗin biki, Maraɗi:
Ƙanena, ka sa kuɗin firi-am ko akwatin DI a lissafi, wato na'urorin da ake jonawa tsakanin jita da mikisa don su gyara sautin. Na taɓa jona irin waɗannan marasa batir kai tsaye a mikisar haya, sautin ya fito siriri, ba kauri. Mai batir 9V kuma, zare wayar in ka gama kiɗa, domin muddin tana soke yana ci.