Starlet ɗina ta kwanta, in gyara ko in bai wa masu sayen ƙarhe?

Mushen Ali Ɗan Sofo:
Assalamu alaikum ƴan uwa, shawara nike nema. Ina da Toyota Starlet ƙirar 1997, tun 2013 take hannuna, da ita nike kai yara lakwal in wuce wurin aiki. Ranar Asabar ina dawowa daga Madarunfa allurar zahi ta hau, ni kuma na ce bari in lallaɓa tunda an kusa gida, ashe wannan lallaɓawar ce ta kashe ni, kahin in shigo gari hayaƙi fari ya turnuƙe ta baya. Da makanike ya buɗe murhin mai sai ga man ya koma kamar shayi da madara. Ya ce juwan, wato shimhiɗar da ke tsakanin kan inji da gangar jikinshi, ya ƙone kuma kilas ɗin, wato kan injin, ta lanƙwashe, ko a kai ta a goge a ɗaura sabon juwan wajen jikka 90 na sefa, ko in sayi wani inji na hannu gaba ɗaya, da kuɗin aiki ya ce in shirya jikka 300. Ga amortisa na gaba, masu shanye girgizar hanya, sun mutu tun bara, tayu biyu sun zama sanƙo. Wani mai sayen ƙarhe ya taya jikka 200 yadda take. Albashin malamin makaranta kun san shi ba sai na faɗa ba. Mi kuka gani?

Usta Mai Garaji:
Wa alaikumus salam Mushe. Kahin ka kashe ko dala, ka sa a hau da ita kan rami ka shiga ƙasa da kanka da cocila. Abin da ke yanke ma mota hukunci ba inji ba ne, shasi ne. Duba ƙarhunan nan biyu da suka miƙe daga gaba, duba inda amortisa ke ɗaure, ka soka sukurdireba, in ya shige kamar cikin biredi to ka sallama ta kawai, walda ba ta riƙe ruɓaɓɓen ƙarhe. Motocin nan daga Turai suka zo, can gishiri suke zuba ma hanya lokacin ƙanƙara, wasu da tsatsarsu suka iso Kwatano tun ranar farko. In kuwa ƙasa lahiya lau ne, wallahi kar ka sayar da jikka 200, wulaƙanci ne.

Sai tambaya ɗaya: kahin ta yi zahin nan tana shan mai? Tana hayaƙi shuɗi da sahe? In ba ta yi, fistan da sigma, wato zobban da ke jikinshi, suna da sauran rai, goge kilas ya wadatar, amma a gwada ta a ga ba ta tsage ba don tsagaggiya ko an goge banza ne, wata guda ruwa zai koma cikin mai. In kuma da ma kowane sati kana ƙara rabin lita to kar ka ɓata jikka 90 ɗinka, ɗauki injin. Kuma don Allah a gano abin da ya sa ta yi zahin tun farko, radiyata ce ta toshe, fanka ce ba ta tashi ko famfon ruwa ne, don mutanenmu ruwan rijiya suke ɗura ma mota shekara da shekaru har farar ƙasa ta cika ramukan, sai a ɗaura sabon inji a kan tsohuwar cuta a sake ƙona shi a zo ana zagin makanike. Tunda an buɗe a canza bel ɗin distribisiyon, mai daidaita tahiyar inji, lokaci guda, kuɗin aiki ɗaya ne.

Ɗan Bagalam:
Usta kai dole ka ce a gyara mana, da mi za ka ci in an sayar 😂 Mushe ni na ga irinta, tawa na canza inji, wata biyu bwat, wato akwatin giya, ta hwara kuka, na gyara bwat sai wuta, yau alternata mai cajin batir gobe demara mai tada inji, sai da na lissafa na ga abin da na zuba ya sayi babur sabo har da canji. Ga asiransi ga binyat ga bizit duk shekara. Na sayar na huta, yara adaidaita ke kai su.

Hajiyar Zariya:
Ɗan Bagalam yara nawa gare ka? Malam ka lissafa kuɗin adaidaita zuwa da dawowa na wata tara, ka ƙara da ranar da wani zai tashi da zazzaɓi ƙarhe biyu na dare cikin damina. Ni dai ban ce komi ba.

Alhaji Mai Parking:
Malam ni sana'ata sayar da mota amma gaskiya zan gaya maka, yanzu ba lokacin rabuwa da mota mai cikakkun takardu ba ne. Tun da aka ruhe iyakar Bene a 2023 hanyar Kwatano ta Gaya ta lalace, sai an zagayo ta Lome a ratsa Burkina, duk wannan wahala da kuɗin duwan a kan mai saye suke ƙarewa. Jikka 200 ɗinka da 300 na gyaran in ka haɗa, abin da za su saya maka wata tsohuwar ce da ba ka san ciwonta ba, taka ko ba komi ka san inda take tari. Toyota ta daina ƙera irin wannan Starlet ɗin tun 1999 amma kayanta ba su yanke ba saboda ƴan taksi, abin da babu a nan ana samu a Ƙofar Ruwa a Kano. In za ka sayi inji ka tahi da makanikenka, a buɗe murhi a ga ciki ba baƙin laka, ku yi sharaɗin mayarwa gaban shaida in ya yi hayaƙi. In kuma ka yanke sayarwa to kar ka bai wa mai ƙarhe, nemi ɗan taksi, shi ƙohohi da gilasai da bwat kaɗai sun hi abin da aka taya.

Mushen Ali Ɗan Sofo:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Usta yau da yamma mun tura ta kan rami, na soka ko'ina ƙarhe ne garau, sai ƙasan wurin ƙafar direba da ya huje kamar tahin hannu. Mai kuma gaskiya tana sha kaɗan, ban kai rabin lita a wata ba. Gobe za a kai kilas ɗin gwaji, radiyatar ma an cire, da aka zuba ruwa ta sama da ƙyar yake ɗiga ta ƙasa. Tayun su jira ƙarshen wata. Usta wannan hujin ana iya yi mashi faci ko shi ma matsala ne?

Usta Mai Garaji:
Wannan ba komi, falanki ne ba shasi ba, mai walda zai ruhe maka shi. A dai cire kan batir kuma a ɗage kafet da wayoyi kahin ya kunna wuta.