Dan Allah a ba ni shawara, yarona ya ce hanyar Tony Stewart zai bi

Baban Sadik: Assalamu alaikum ƴan uwa na wannan zaure. Ku yi haƙuri da tsayin rubutun, abin ne ya tsaya min a rai. Ni a Indiyanapolis nake, ta biza lotiri na shigo ƙasar nan, farko a Bronx na sauka wajen wani ɗan unguwarmu, na yi wankin mota na yi aikin sito, tsadar haya ta koro ni wani abokina ya ce in taho Indiyana akwai aiki, gidan da muka fara kamawa yana yammacin gari dab da filin tseren motoci na Speedway, duk watan Mayu kana ɗaki kana jin kukan motoci, maƙwabta har hayar tsakar gidansu suke bayarwa a yi fakin ranar babban tseren Indy 500. To a nan aka haifi Sadik, a cikin wannan ƙarar ya tashi. Yana ƙarami na saya masa kat, ƴar ƙaramar motar tseren nan ta yara, ta hannu ce ma na samu da arha, ni ke gyara masa a gareji.

Yanzu shekararsa 17, bana zai gama sakandare, ya ce shi ba zai shiga jami'a ba tukuna. Tarihin direban tsere Tony Stewart ya haddace kamar karatun allo. Ɗan Columbus ne ta nan Indiyana, da kat ya fara shi ma, ya koma tseren ƙasa wato na filin turɓaya, a 1995 ya haɗe kambun ƙungiyar tsere ta USAC guda uku a shekara ɗaya, a 1997 ya ci kambun IndyCar wato motocin nan masu tayoyi a waje, daga nan ya tsallaka NASCAR masu rufi ya ci kambu a 2002 da 2005 da 2011. Sadik ya ce ɗaya bayan ɗaya haka zai bi.

Akwai wani bature mai ƙaramin tim na tseren ƙasa ya ga yaron, ya ce zai ba shi mota na kaka ɗaya amma taya da mai a kanmu, in ya fasa motar ma mu za mu gyara. Ina da fili a Katsina da na ajiye don gini. In sayar? Ko in lallaɓa shi ya nemi ɓangaren masu tayoyi a waje tunda muna garinsu?

Alhaji Mai Tirela (Greensboro): Wa alaikumus salam. Malam ka zo gidan magana. Ni fa kusan kullum tirelata tana bi ta Mooresville da Concord a Karolina ta Arewa, nan garejin manyan tim ɗin NASCAR suke, na sauke musu kaya na ga cikinsu da idona. Ka manta da IndyCar. Tserensu 17 ne a 2025, NASCAR 36, kuma NASCAR matakai uku gare su na ƙasa baki ɗaya har da na a-kori-kura, kujeru sun fi yawa kuɗi ya fi yawa. Shi kansa Stewart ɗin me ya sa ya bar IndyCar yana da kambu a hannu ya tafi tim ɗin Joe Gibbs na NASCAR a 1999? Inda abinci yake ya bi. Shekararsa ta farko a mota lamba 20 ya ci tsere uku. Ka tattara yaron ka kawo shi Karolina ta Arewa, a nan ake ganin mutum, shi ke nan magana ta ƙare.

Maman Khairat (Ohayo): Baban Sadik ban ga inda ka ce me mahaifiyarsa ta ce ba. Sannan yaron yana cin tseren kuwa? Ka ba mu labarin Bronx da wankin mota amma ba ka faɗi na nawa yake zuwa ba.

Baban Sadik: Hajiya yana ƙoƙari sosai wlh, duk wanda ya gan shi sai ya yaba. Matsalar kayan aiki ne, yaran da yake karawa da su sabuwar taya suke sawa kowane mako, mu sai mun ga zare ya kusa fitowa. Ba za a auna shi da wannan ba.

Injiniya Ɗan Zariya: Yaya ina ganin akwai abin da Sadik bai haɗa da shi ba a haddar tasa. Stewart a 1971 aka haife shi, lokacin da ya taso tseren ƙasa na Indiyana hanya ce ta gaske zuwa Indy, musamman da aka fara gasar IRL, wato IndyCar ta lokacin, a 1996 da niyyar buɗe wa direbobin Amurka irinsa ƙofa, duk tserensu a fili mai kewaye ake yi. Yanzu IndyCar mafi yawan tserenta a titi mai kwana-kwana ne, tsaninta daban: USF Juniors, USF2000, USF Pro 2000, Indy NXT, kuma kowane mataki iyaye ko mai ɗaukar nauyi ke biya sai in ka ci kambu a ba ka tallafin hawa na gaba. Wanda ya shiga tseren ƙasa yau kusan NASCAR ya dosa ko ya zauna a tseren ƙasar. Hanyar da yaron yake son bi ta biyu a haɗe kusan ta toshe.

Shawarata ya shiga jami'ar Purdue ta nan garinku, suna da digirin injiniyancin motocin tsere, ya riƙa tsere ƙarshen mako. Ryan Newman ɗan Indiyana ne, ya yi digirin injiniya a Purdue kuma ya ci babban tseren NASCAR na Daytona 500 a 2008. Karatu bai hana shi ba.

Alhaji Mai Tirela (Greensboro): Injiniya kai komai sai ka kai shi jami'a. Shekara huɗu yaro yana aji sa'o'insa suna fili, ya fito yana 22 wa zai kalle shi? Amma a maganar tsallake na yarda da kai, kuma ita ce hujjata. Sam Hornish ya ci kambun IndyCar sau uku, ya ci Indy 500 a 2006, ya dawo NASCAR a 2008 wajen tim ɗin Penske, babban aji ko tsere ɗaya bai ci ba. Dario Franchitti ya zo a shekarar, kaka ba ta ƙare ba aka rufe motarsa saboda babu mai ɗaukar nauyi, ya koma inda ya fito ya ci gaba da cin kambu. Motar NASCAR nauyi ne da ita, ba ta riƙe ƙasa kamar waccan, wanda ya saba da mai sauƙi sai ya yi ta zamewa. Stewart ya tsira ne don a ƙasa ya koyi tuƙi, mota tana gudu a karkace yana riƙe da ita. To ka ga tayin baturen nan ba laifi, ya yi kaka ɗaya a ƙasa sannan ka kawo min shi. Ni na san mutane.

Abu Ammar: Hmm "na san mutane". Haka wani ya ce min a kan ɗana da ƙwallo, wai akwai makarantar horo za su kai shi Turai gwaji, na zuba kuɗin adashina kaf, aka kai su wani gari suka buga wasa biyu a filin makaranta aka dawo da su, har yau mutumin baya ɗaga wayata, kuma masu adashin ma da na nemi a ba ni kwasar gaba don in cike ramin suka ce sai layi ya zo kaina alhali an taɓa yi wa wasu alfarma a gabana, suna cikin zauren nan suna karantawa.

Admin: Abu Ammar dan Allah maganar adashi a kai ta can zaurenta.

Maman Khairat (Ohayo): Ni dai a asibiti nake aiki, bari in faɗi abin da maza ba sa son ji. Tseren ƙasar da kuke yabo shi ya karya wa Stewart ɗin ƙafar dama a Iowa a 2013, ya rasa sauran kakar. Shekara ta zagayo a Canandaigua ta jihar New York motarsa ta buge Kevin Ward, yaro ɗan shekara 20 da ya fito daga tasa motar yana tafe a fili, ya mutu. Ba a tuhumi Stewart da laifi ba amma iyayen yaron fa? Bryan Clauson ɗan Noblesville nan kusa da ku, gwani ne har Indy 500 ya shiga sau uku, a tseren ƙasa ya yi hatsari a Kansas a 2016 ya rasu yana da shekara 27. Manyan filaye an gyara katangarsu, IndyCar ta sa gilashin kare kai tun 2020, amma ƙananan filayen ƙauye da za a kai Sadik kowanne da yadda yake. Ka tambayi baturen inshora, in yaron ya ji ciwo wa zai biya? Ka san kuɗin asibitin ƙasar nan.

Baban Sadik: Hajiya rai a hannun Allah yake, ni da nake tuƙi a babbar hanyar 465 kullum da asuba cikin ƙanƙara ai ban fi shi tsira ba. Kuma ba wai ban yi tunani ba ne, na saya masa hular kwano mai kyau da abin riƙe wuya, ban yi ƙwauro a nan ba. Injiniya maganar Purdue na ji, amma yaron ya ce shi direba ne ba makanike ba. Shi Stewart ai iyayensa gidansu suka jinginar don kat ɗinsa, yana aikin dala 5 a awa a shagon ƙarfe ya je Phoenix a 1993 ya zo na biyu aka ba shi dala 3,500, daga nan ya ajiye aikin. Da ubansa ya ji tsoro fa?

Injiniya Ɗan Zariya: Yaya waɗanda suka jinginar da gida abin bai yi ba ai ba a hira da su a talabijin. In kuɗi ne matsalar akwai hanya mai arha, William Byron da Rajah Caruth a kwamfuta suka fara da wasan tsere na iRacing, Byron ya ci Daytona 500 a 2024 da 2025, Caruth baƙar fata ne ya ci tseren a-kori-kura a Las Vegas a 2024. Ta ɓangaren Indy kuma ga Myles Rowe da ya ci kambun USF Pro 2000 a 2023 da tallafin Penske. Ka tara sakamakon yaron a rubuce ka nemi irin waɗannan ƙofofin kafin ka taɓa fili.

Malam Na Harrisburg: Wani abu da ba wanda ya taɓo, in ya yi nisa kamfanin giya ko na caca ya ce zai manna sunansa a motar da rigarsa ya za ku yi? Gara a yi wannan maganar da shi tun yanzu.

Ɗan Katsina: Baban Sadik filin ta wace unguwa yake, akwai takarda? In da gaske sayarwa za ka yi ka min magana ta gefe.

Alhaji Mai Tirela (Greensboro): Kwamfuta! Injiniya yaro ya zauna a ɗaki yana murza sitiyarin roba shi ne tsere? Stewart a 2001 rana ɗaya ya yi Indy 500 ya zo na shida, ya hau jirgi zuwa Charlotte ya yi mil 600 ya zo na uku, mil 1,100 cif, har yau ba wanda ya sake kammala su duka. Jiki ne wannan da zuciya. A 2011 da motar kamfaninsa ya yi kunnen doki da Carl Edwards a maki, aka ba shi kambu don ya ci tsere biyar Edwards ɗaya. Malam sayar da filin, ƙasa ba ta ƙarewa a Katsina.

Abu Ammar: Kamfanin nasa ba an rufe shi a ƙarshen 2024 ba Alhaji? Mai kambu uku da nasara 49 ma abin ya yi masa nauyi balle mai aikin sito.

Baban Sadik: Na gode duka, Allah ya bar zumunci. Amma gaskiya wasunku kamar ba ku karanta abin da na rubuta ba, ni ban ce zan hana shi karatu har abada ba, kaka ɗaya ce. Baturen ya ce zuwa Juma'a yake son amsa don akwai wani yaron da ubansa ke jira. Ɗan Katsina zan neme ka, tambaya kawai zan yi tukuna.

Maman Khairat (Ohayo): Har yanzu dai ba ka faɗi me Maman Sadik ta ce ba.

Injiniya Ɗan Zariya: Alhaji mil 1,100 ɗin da kake faɗa ai Kyle Larson ya gwada sau biyu, 2024 ruwan sama ya ɓata masa, 2025 ya yi hatsari a duka biyun, kuma a ƙasa ya taso shi ma. Ka ga ba ƙasar ce ke yi ba.

Alhaji Mai Tirela (Greensboro): Ruwan sama kuma laifin ƙasa ne? Bari in yi fakin in ba ka amsa da murya, rubutu ba zai ɗauka ba.