Fentin ƙarafan barandata ya sake saɓulewa karo na biyu, ina laifin yake?

Baban Khalifa:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin ƙarfe da fenti, don abin nan ya fara isata.

Ƙarshen 2021 na gama benen gidana a Na'ibawa. Da aka zo kan ƙarafan baranda da na hannun bene, mai walda ya ce in daure in sayi fayif galbanaiz maimakon baƙin ƙarfe, wai shi ba ruwansa da tsatsa. Da kaina na je Ƙofar Ruwa na sayo, na biya abin da ya fi na baƙin. Barandar gaba ƙafa 24 ce, sai matakala mai hawa 17. Mai walda ya gama haɗawa ranar Laraba, Alhamis mai fenti ya zo, ya goge da tsumma, ya shafa jan fentin nan na ƙasa da ake sa wa ƙofofi, ya bi da baƙin gulos hannu biyu. Ranar ko ni sai da na tsallaka titi na tsaya ina kallon gidan.

Damina ɗaya tak ta wuce fentin ya fara kumbura. In ka sa farce ka ja, sai ya biyo ka zarara kamar saɓar maciji, da jan da baƙin gaba ɗaya, ƙarfen ya fito fes kamar ba a taɓa shafa masa komai ba. Na ce mai fentin ne ya cuce ni, ya cika tina don fentin ya yi auki. Bara na kawo wani, na sayo fentin da hannuna, na tsaya a kansa. Ya kankare inda ya tashi, ya sake shafa jan, ya sake baƙin. Yau ga shi an koma gidan jiya, har ma ya fi na da.

Abubuwan da na lura da su: a ƙarƙashin fentin akwai wani farin gari, in ka murza shi da yatsa yana da santsi. Wajen waldar kuma, inda sandunan suka haɗu da na kwance, nan ne kaɗai ake ganin jar tsatsa, tana zubowa tana ɓata filastar baranda. Maigidan nawa Khalifa, shekararsa uku, ya mai da ɓarar fentin abin wasa, jiya a bakinsa aka ciro wani. Uwargida kuma ta daina shanya darduma a wurin don baƙin yana manne mata.

Shin fentin kasuwa ne duk ya zama jabu, ko fayif ɗin ne aka sayar mini da na banza? Me zan yi wanda ba sai na sake ba baɗi?

Dattijo Mai Walda:

Wa alaikumus salam. Alhaji, ka yafe wa masu fentin nan, tinarsu ba ita ce matsalar ba. Shekara talatin da wani abu ina walda, ban taɓa ganin gulos ya zauna a kan sabon galbanaiz ba. Ka dubi kwanon rufi da aka yi wa fentin mai a gida, haka yake ɓarewa.

Sabon fayif yana zuwa da wani maiƙo daga kamfani don kada ya yi fari a sito. Tsumma ba ya cire shi. An haɗa Laraba an yi fenti Alhamis, to a kan maiƙon nan aka shafa. Mu a da sai mu ce wa mai gida ya bar shi ya sha rana da ruwa, damina guda ko fi, sai ƙyallin ya mutu ya koma toka-toka, sannan a yi maganar fenti. Amma wa zai yarda ya tare a sabon gida da ƙarfe tsirara?

Jar tsatsar wajen walda kuwa laifinmu ne, ba zan ɓoye ba. Wuta tana ƙone rufin galbanaiz ɗin kusan faɗin yatsa biyu kowane gefe. Farin hayaƙin nan da ke tashi shi ne, kuma shi ke sa mu kwana da zazzaɓi da ciwon jiki in mun wuni muna shaƙa. Wurin ya koma baƙin ƙarfe ke nan, in ba a rufe shi da wuri ba dole ya yi tsatsa.

Abu ɗaya nake roƙonka: kada ka bari wani yaro ya zo da giranda ya ce zai wanke maka shi tas. Fayif ɗin da ake sayarwa yanzu rufinsa bai kai kaurin takarda ba. Sau biyu dutsen ya bi ta kai, kuɗin da ka ƙara a Ƙofar Ruwa ya tafi a iska.

Malamin Kimiyya, Zariya:

Baba Dattijo ya faɗi rabi, bari in ƙarasa, don ko da an wanke maiƙon, wannan jan fentin da gulos ɗin ba za su daɗe ba.

Galbanaiz ƙarfe ne da aka lulluɓe da zink, wanda iyayenmu ke kira tutiya. Ana narka shi a zafin da ya kai wajen digiri 450, a tsoma ƙarfen a ciki. Shi kuma fentin mai, da gulos da jan na ƙasa duk dangi ɗaya ne, da mai ake haɗa su. To idan mai ya haɗu da sinadari mai kanwa-kanwa, me ake samu? Sabulu. Duk wadda ta taɓa haɗa sabulun solo da manja da ruwan toka ta san wannan. Zink idan ya sha danshi yana fitar da irin wannan sinadarin, sai ya ci man da ke cikin fentin, a samu wani siririn sabulu tsakanin ƙarfen da fentin. Santsin da ka ji a yatsarka shi ne, haɗe da farar tsatsar zink. Fentinka a kan sabulu yake zaune, shi ya sa yake zamewa da faɗi maimakon ya farfashe. Na biyun ya fi saurin lalacewa saboda an shafa sabo a kan tsohon da gindinsa ya riga ya saki.

Ga yadda na yi nawa a Samaru, shekara huɗu ke nan bai motsa ba.

Tsohon fentin duka zai fita, har wanda kake gani kamar ya kama. Makankari na hannu da burushin waya sun isa, tunda dama ba riƙe yake ba. Inda ya yi gardama a bi da sanfefa mai laushi, a jiƙa da ruwa. Ba so ake ƙarfen ya yi ƙyalli ba, so ake ya ɗan yi kaushi. Daga nan a wanke da omo da ruwan ɗumi da soson roba, a ɗauraye sosai, a bar shi ya bushe ƙarau. Ban da soda, ban da ruwan batir, dukansu cinye zink suke yi. Kananzir ma a bar shi, maiƙo yake bari.

Wajen waldar kaɗai za a gurza har sai farin ƙarfe ya fito, sannan a rufe da fentin da ke da garin zink a ciki. Yana zuwa a gwangwanin fesawa, toka-toka ne, gwangwanin yana da nauyi fiye da na fentin fesawa na yau da kullum. A yi shi ranar da aka gurza, kada a kwana.

Sannan uwa uba, fentin ƙasa wanda aka yi shi musamman don galbanaiz. Iri biyu aka fi samu: wanda ake kira ecin firama, mai ɗan asid a ciki da ke kama jikin zink, da kuma na akirilik mai haɗin ruwa. Ka karanta jikin gwangwanin da idonka, in ba a rubuta galbanaiz a cikin abubuwan da ake shafa wa ba, ka ajiye, ko me mai shago zai ce. Ecin firama siriri ake shafa shi, har kana hango ƙarfen ta ciki. Masu fentinmu sun saba da cewa kauri shi ne inganci, a nan kaurin ɓata shi yake yi. Na saman kuma in son samu ne ya zama akirilik ko fentin mota, hannu biyu. In dole sai gulos, a tabbatar na ƙasan ya rufe ko'ina, kada a bar ko taɓo da man zai taɓa zink.

Kafin ka kashe kuɗi a kan ƙafa 24, gwada a sanda biyu. Bayan mako guda ka sa reza ka tsaga fentin gicciye kamar gidan dara, ka manna salatif, ka danna, ka fizge. In salatif ya fito da fenti, akwai sauran aiki.

Maman Ilham:

Baban Khalifa, ni maganar yaron ce ta tsaya mini. Don Allah kafin ma a zo kan gyara, a hana shi zuwa wurin. Wasu fentin mai ana sa musu dalma, musamman ja da ɗorawa, kuma ba ka da hanyar ganewa da ido. Mun ga abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010, ko da yake can daga dutsen zinariya ne, amma gubar ɗaya ce, kuma ƙananan yara ta fi kamawa. Ka faɗa wa likita in kun je awo, ba asara ba ce.

Ranar kankara a shimfiɗa buhu ko leda a ƙasa, a yayyafa ruwa don kada garin ya tashi, mai aikin ya sa takunkumi. A tattare a ƙulle a leda, kada a zuba a murhu ko a bola inda awaki ke kiwo. Ni da muka yi namu sai da na kwashe tukwane da randa daga tsakar gida, don iska na kawo garin har madafa.

Kuma mu ruwan khal muka goga wa ƙarfen bayan wanki, na girki farin nan, muka bar shi ya ɗan jima muka ɗauraye. Wani tsohon mai fenti ya koya wa maigidana.

Malamin Kimiyya, Zariya:

Hajiya, khal yana aiki, asid ne mai sauƙi, yana cire farar tsatsar kuma yana kashe santsin. Amma ba ya maye gurbin fentin ƙasa. Wanda ya goga khal ya ɗora gulos kai tsaye, jinkirta ɓarewar kawai ya yi.

Mai Fentin Mota:

Oga, kada ka wahalar da kanka a shagunan fentin gini, yawancinsu jan nan za su sake miƙo maka su ce ai duk ɗaya ne. Ecin firama wajenmu yake, je inda ake sayar da kayan fentin mota. Mu muna sa shi a kan tsiraran bodi da alminiyam. Akwai mai zuwa gwangwani biyu da ake haɗawa, wannan in ka haɗa ka yi amfani da shi ranar, ba ya ajiyuwa.

Lokaci kuma ka kula. Yanzu da ake ruwa kada ka taɓa. Bazara ma ba ta yi, ƙarfe baƙi a ranar Kano in ka ɗora tafin hannu ba ka iya ƙirga biyar, fenti kafin ya kwanta ya bushe, sai ka ga sawun burushi da ƙuraje. Hunturu kuma ƙura ce za ta manne maka ya fito kamar sanfefa. Ka jira ɗaukewar ruwa, ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba, ka fara da hantsi bayan raɓa ta bushe, ka bi inuwa. Burushi ko ƙaramar rola ka yi da shi, in ka ce feshi a kan sanduna, rabin fentin motar maƙwabcinka zai sha.

Ɗan Maraɗi:

Ni fa tambayata, dole ne sai an yi fentin? Namu tun zamanin mahaifina yake haka toka-toka, ba abin da ya same shi. Ka kankare, ka rufe wajen walda, ka huta.

Baban Khalifa:

Na gode ƙwarai jama'a, Allah Ya saka da alheri. Baba Dattijo, wallahi har na yi magana da wani yaro mai giranda zai zo Asabar, na kira shi na ce ya bari. Maman Ilham, an sa wa ƙofar baranda sakata ta sama inda hannunsa bai kai, kuma uwarsa ta ce in isar da godiya. Ɗan Maraɗi, na kai shawararka gaban uwargida, ta ce ita ba za ta zauna a gida mai kama da garejin babura ba, don haka wannan ƙofar a rufe take.

Na samo ecin firama wajen masu kayan fentin mota kamar yadda Mai Fentin Mota ya ce, ƙaramin gwangwani na saya tukuna. Ban jira Oktoba ba don gwaji, na zaɓi sanduna uku na hannun bene, can ciki inda feshin ruwa bai kai. Na farko na yi masa yadda Malam ya tsara daga farko har ƙarshe. Na biyu na wanke, na goga khal, na ɗora gulos kai tsaye. Na uku na yi irin na masu fentina, jan da baƙi, bayan goge tsumma kawai. Yau kwana tara, na tsaga da reza na manna salatif. Na ukun ya fito da gida huɗu. Na biyun ya ɗan ɗago a bakin tsagar. Na farkon salatif ya fito fes.

Sai dai wata sabuwa ta ɓullo. Da na kankare gindin sandar baranda da ke kusurwa, inda ta shiga siminti, na tarar ta ci har makankarin ya shige ciki, ruwa mai launin shayi ya biyo. Ashe saman fayif ɗin a buɗe aka bar shi, shekara uku yana tara ruwan sama. Na duba sauran, guda biyu ma haka suke a buɗe. Baba Dattijo, wannan yanke gindin ake yi a yi masa ƙari, ko sandar gaba ɗaya za a canja? Kuma in an toshe saman, ya kamata a huda ƙaramin rami a ƙasa don ruwan da ke ciki ya fita?