"Babba juji ne": har da fasto?

Dattijo, Wusasa: Salama gare ku. Ranar Lahadi bayan sujada, a zaman majalisar dattawa, wani ya ɗaga wa Baba Fasto murya don bai je duba masa surukarsa a asibiti ba. A makon nan kuwa bawan Allahn ya yi jana'iza biyu, ya raba dare yana sulhunta wasu ma'aurata. Bai ce uffan ba. Da muka fito na ba shi haƙuri, sai ya yi murmushi ya ce, "Babba juji ne." Cikon maganar kowa ya sani: kowa ya zo da shara sai ya zuba. Shin haka ya dace makiyayin ikilisiya ya ɗauki kansa?

Malamar firamare, Malumfashi: Baba, ni ban ga aibu ba. Bahaushe ba zagi ya yi ba. A ƙauyenmu toka da ƙaiƙayi da kashin awaki duk juji ake kai su, kafin damina a kwashe a mangala a kai gona, ya zama taki. Wanda aka zuba wa ɓacin rai ya haɗiye har ya fitar da wa'azi mai gina mutane, ai ya cika babba.

Matar fasto, Mubi: Malama, kin faɗi taki, ba ki faɗi wari ba. Juji a bayan gidan wani yake, gidan nan kuma nawa ne. Shekara 19 ke nan ana buga mana ƙofa ƙarfe biyun dare. Na sha sauke tuwo daidai bakin yarana, baƙi biyar su yi sallama, in ƙara wa miya ruwa. Ranar da ɗanmu ya kwanta da zazzaɓi, babansa yana wani ƙauye yana yi wa ɗan wani addu'a. Ba ƙorafi nake ba, tare muka amsa kiran nan. Abin da ke ci min rai shi ne masu zuba sharar su ne suka fi kowa iya karin maganar. A bakin fasto tawali'u ce. A bakin mai zagi kuwa ta zama lasisi.

Ɗan kasuwa, Sabon Gari: Mama, a gafarce ni. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Daga baiko da zakkarmu ake biyan albashi.

Matar fasto, Mubi: Ɗana, da ka ga ladan da ka tausaya wa wanzamin.

Ɗalibin tauhidi, Kwarhi: Iyayena, ni matsalata da karin maganar daban ce. Juji ba ya motsi, inda aka ajiye shi nan yake jiran shara. Makiyayin da ke cikin Bisharar Luka sura 15 barin tumaki 99 ya yi, ya bi sawun ɗaya. A Yohanna 10 kuma an bambanta shi da ɗan ƙodago, wanda yakan ga kyarkeci ya tsere, kuma wannan ya amsa wa yayana na Sabon Gari: in don lada ne, ba mai tsayawa. Mu a EYN, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, mun gani da ido. A Oktoban 2014 Boko Haram ta ƙwace hedikwatarmu a nan Kwarhi, jama'a suka watse, fastoci da dama suka ci gaba da yi musu hidima a inda suka yi gudun hijira. Rabaran Lawan Andimi, shugaban Ƙungiyar Kiristocin Nijeriya (CAN) na Michika, an sace shi a farkon Janairun 2020, aka kashe shi cikin watan. Bakina ba zai iya kiran irinsa juji ba.

Malamar firamare, Malumfashi: Allah ya ta'azantar da iyalinsa. Amma ɗana, ba kowane fasto ake kira ya ba da ransa rana guda ba. Yawancinsu kaɗan-kaɗan suke bayarwa, a bakin gadon asibiti da zaman sulhu, ba mai sa su a labarai. Wannan nake nufi da juji.

Dattijo, Wusasa: Maganar Mama Fasto ce ta hana ni barci. Na koma Littafin Fitowa sura 18, inda Yetro, surukin Musa, ya tarar da shi yana shari'a tun safe har yamma, ya ce masa zai gajiyar da kansa da jama'ar, ya naɗa shugabanni na dubu, na ɗari, na hamsin da na goma. Mu dattawa bakwai ne a majami'armu, kuma a gabanmu aka yi wa Baba Fasto tsawa, ni ma haƙuri kawai na ba shi, a waje, bayan an tashi. Surukar nan tana kwance har yanzu. Na kira biyu daga cikinmu da shugabar Zumuntar Mata, gobe da la'asar za mu je. Mai ɗaga muryar ma na ce ya biyo mu, tunda shi ne mai mota.