Titanic: a haɗe ya nutse ko a rabe?

Ɗan Fagge:
Salamu alaikum. Masana, ku raba mana gardama, majalisarmu ta shayi ta kasu biyu. Jirgin ruwan Titanic, wanda ya yi karo da dutsen ƙanƙara, ya karye ne kafin ya nutse a 1912, ko a haɗe ya tafi? Kuma me ya sa shaidar ma'aikatansa ke karo da juna?

Injiniya, Sharaɗa:
Wa alaikumus salam. Ya karye. Sai dai Lightoller, mafi girman muƙami cikin jami'an da suka tsira, ya ce a haɗe ya nutse, kwamitocin bincike na Amurka da Ingila kuma suka bi maganarsa, suka yi watsi da ta waɗanda suka ce sun ga karyewar. Sai a 1985 aka gano ɓaraguzan a zurfin kusan mita 3,800, gaba daban, baya daban, tazarar kamar mita 600. Ruwa ne ya danne gaba, baya ya ɗaga sama, ƙarfen tsakiya ya kasa ɗaukar nauyin. Ban ce ƙarya Lightoller ya yi ba: babu farin wata, fitilu sun mutu, shi kuma yana cikin ruwan ƙanƙara. Amma fa a White Star, kamfanin da ya mallaki jirgin, yake cin abinci.

Malama, Gwale:
Haka ne Injiniya. A duba kwale-kwalen ceto ma. Guda 20 ne, na mutum 1,178, alhali jirgin na ɗauke da sama da 2,200. Umarni ɗaya na a fara da mata da yara, fahimta biyu: a hagu Lightoller ya ce mata da yara kawai, a dama wani jami'in, Murdoch, yana barin maza idan babu mata a kusa. Kwale-kwale lamba 1 mai cin mutum 40 da 12 ya tashi! A cikinsa ne wani attajirin fasinja, Duff-Gordon, ya yi wa kowane ma'aikaci alkawarin fam 5. Jama'a suka ce toshiyar baki ce, shi ya ce kuɗin kayan da suka rasa ne, kwamitin Ingila ya wanke shi.

Baba Tsohon Soja, Kurna:
'Ya'yana, kun manta jirgin Californian da ke kusa da wurin a daren. Mai kula da na'urar saƙonsa ya kwanta barci jim kaɗan kafin haɗarin. Masu aikin dare sun ga rokoki takwas farare, irin waɗanda Titanic ya harba don neman agaji, sun faɗa wa shugaban jirginsu, Kyaftin Lord, ba wanda ya tada mai na'urar sai asuba. Lord ya ce mil 19 ne tsakaninsu, kwamitin Ingila ya ce bai wuce 10 ba.