Ƙofofin fotasiyam sun ƙaru, me ya sa zuciya ke gudu?

Assalamu alaikum malamai da yayyena da suka riga mu a karatun likitanci. Ni ɗaliba ce a nan Yamai, jarrabawa saura mako biyu, kuma wani abu ya tsaya mini a wuya kwana huɗu ke nan.

Abin da na riƙe shi ne, idan ƙofofin fotasiyam (ƙananan hanyoyin da yake bi a jikin ƙwayar halitta) suka buɗe, fotasiyam ya fice daga ƙwayar halitta, ƙarfin lantarkin cikinta ya koma wajen -90 mV a tsokar zuciya, sai ta yi sanyi, ta yi wuyar tayarwa. Wannan ya zauna daram.

To ga hormon ɗin maƙogwaro, T3. Yana shiga har cibiyar ƙwaya, ya kama makarɓinsa a kan DNA, ya sa a ƙera ƙarin ƙofofin fotasiyam irin su Kv1.5 da Kv4.2. A lissafina zuciya ya kamata ta lafa. Amma jiya a asibiti na kama wuyan hannun wata baiwar Allah mai maƙoƙo, yatsunta na karkarwa, gumi sharkaf, alamun T3 ya yi mata yawa, na ƙirga bugu 124 a minti. Sau biyu na ƙirga, don na zargi agogona.

Na yi tunanin ko waɗannan ƙofofin gajarta kowane bugu kawai suke yi, saurin kuwa daga ƙullin sinus yake, wato wurin da ke tayar da bugun zuciya, ta ƙofofin HCN da ke kunna bugun da makarɓan adiranalin na beta-1 da T3 ke ƙarawa. Haka ne? In haka ne, gajartar ce ke buɗe wa fibrilasiyon, wato bugu mara tsari, hanya a ɗakunan saman zuciya? Don Allah wanda ya gane ya zana mini, ko a takarda ne.